Me ya sa ake ci gaba da bibiyar yaran da ke karɓar maganin cutar CLN2?

Inna Mai Tambaya: Assalamu alaikum. Ɗan ƙanwata yana fama da cutar CLN2, ɗaya daga cikin cututtukan Batten, wato cututtukan gado da ke lalata ƙwaƙwalwar yara a hankali, kuma ana ba shi maganin Brineura. Likitocinsa sun nemi izinin ajiye bayanan lafiyarsa a wani kundi da za a riƙa dubawa tsawon shekaru. Abin da ya ɗaure mana kai shi ne, tunda FDA, hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka, ta amince da maganin tun 2017, me kuma ake nema? Ko har yanzu gwaji ake yi da yaron?

Likitan Yara: Wa alaikumus salam, Hajiya, Allah ya ba shi lafiya. Wannan bibiya ba sabon gwaji ba ce, domin ba za a sauya masa komai a maganinsa ba. Cutar ba kasafai ake samunta ba, shi ya sa babban gwajin da aka dogara da shi ya ƙunshi yara 24 kacal na tsawon makonni 48, aka kwatanta su da bayanan yaran da ba su taɓa samun magani ba. Illar da sai an shekara biyar take bayyana, ko wadda ke samun yaro ɗaya cikin masu yawa, babu yadda za a gan ta a gwaji irin wannan, alhali kuwa yaron zai ci gaba da karɓar maganin ne, tunda jikinsa ba ya samar da isasshen TPP1, sinadarin da maganin yake maye gurbinsa. A ganina ku amince, amma ku tambaya a rubuce wa zai ga bayanan, kuma ko za a cire sunansa.

Malamar Jinya: Inda na fi sa ido shi ne na'urar da ake dasawa ƙarƙashin fatar kai, wadda ta cikinta ake ɗura maganin zuwa ruwan ƙwaƙwalwa duk bayan mako biyu, ana ɗaukar fiye da awa huɗu. Kowace allura ƙofa ce ga ƙwayoyin cuta, don haka ake ɗibar ruwan a auna shi a duk zuwa, a kuma duba fatar ko ta yi ja, ta kumbura, ko tana tsatsafo ruwa. Robar na'urar kanta tana lalacewa saboda yawan huda, har ana ba da shawarar a yi tunanin sauya ta kafin ta cika shekara huɗu. Ana kuma gwajin bugun zuciya lokaci zuwa lokaci. Idan zazzaɓi ya zo da amai ko sanƙarewar wuya, kada a jira ranar da aka ba ku.

Inna Mai Tambaya: Na gode ƙwarai. To, ganinsa yana raguwa, kuma ƙanwata tana tsoron maganin ne ya jawo.

Likitan Yara: Ki kwantar mata da hankali, amma ta faɗa wa likitocinsa. Raunin gani yana cikin halin cutar kanta, kuma maganin da ake ɗurawa ta ƙwaƙwalwa ba ya hana lalacewar ido. Wahalar aikin ke nan: rarrabe abin da cutar ta haifar da abin da maganin ya haifar, musamman a wajen farfaɗiya. Ta sami littafi ta riƙa rubuta ranar da farfaɗiya ta tashi da tsawonta, da yadda yake tafiya da magana, da duk abin da ya biyo bayan ɗurin magani, ta zo da shi asibiti duk lokacin da za su je.