Baƙon da aka yi wa fashi kuma ba shi da takardar zama: 'yan sanda su fara da tambayar takarda?

Ɗan Aboabo:
Assalamu alaikum. A makon jiya wasu samari biyu a kan babur suka tare wani yaro ɗan Nijar da ke tallan takalma tsakanin unguwarmu da kasuwar Kejetia a nan Kumasi, ƙasar Ghana, suka yanke shi a hannu, suka tafi da wayarsa da cinikin yinin nan kaf. Ni na ɗaure masa hannun da ƙyalle a bakin masallaci, amma da na ce mu je caji ofis sai ya ce ko kusa, domin kwana 90 ɗin da yarjejeniyar ECOWAS ta 1979 ta bai wa baƙo sun daɗe da wucewa, kuma tun kamen da hukumar shige da fice ta yi a Accra a watan Mayun 2025, inda aka kwashe baƙi sama da 2,000 daga tituna, duk mai kaki ɗaya ne a idonsa. Shin ya dace ɗan sanda ya nemi takardar zama daga wanda ya kawo ƙara? Na ji an ce a Amurka akwai biranen da suka hana hakan.

Malami a Bronx, birnin New York:
Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Gaskiya ne, kuma abin ba sabo ba ne. Tun 1979 rundunar 'yan sandan Los Angeles ta kafa ƙa'idar cewa jami'inta ba zai tsayar da mutum don kawai ya binciki matsayin zamansa ba, kuma shugaban rundunar da ya sa hannu, Daryl Gates, ba mutum ne da aka sani da sassauci ba; lissafinsa shi ne idan baƙi suka ji tsoron magana, to shaidu sun ɓace. A can aikin shige da fice na gwamnatin tarayya ne, 'yan sanda kuwa na birni ne, sai dai wata doka ta 1996 ta ba da damar a ƙulla yarjejeniya a ɗora wa 'yan sandan gari wani ɓangare na aikin. Jihar Arizona ta wuce nan a 2010 da dokar da ta umarci a duba takardun duk wanda aka tsayar in ana zarginsa, kuma a 2012 Kotun Ƙoli ta soke sassa 3 na dokar, ta bar wannan sashen. A 2017 shugaban 'yan sandan Houston ya fito ya ce ƙarar fyaɗe daga 'yan asalin Latin Amurka ta ragu ƙwarai a farkon shekarar, ya kuma danganta hakan da tsoron kora. Ni a ganina ɓarayin da suka yanki yaronku sun san ba zai kai ƙara ba, shi ya sa suka zaɓe shi.

Hajiya mai shago a Asawase:
Malam, ban ƙi maganarka ba, amma ka faɗi rabi ka bar rabi. A 2015 a San Francisco an harbe wata mata a bakin teku, kuma mutumin da bindigar ke hannunsa an taɓa korarsa daga ƙasar har sau 5, hukumar garin ta sake shi duk da jami'an shige da fice sun nemi a riƙe masu shi. Mu da muke kwana da dukiyar mutane a shago muna so a san wanda ya shigo unguwa. Wanda ya kawo ƙara a bar shi da ciwonsa, na yarda. Amma wanda aka kama da wuƙa a hannu, ban ga dalilin ɓoye shi daga hukuma ba.

Baba Tsohon Direba:
'Yata Hajiya, iyakar da kika ja ita ce daidai, matsalar ita ce a ranar kame ba a tsayawa a kanta. Ina saurayi a watan Nuwamban 1969 lokacin da gwamnatin Firayim Ministan Ghana Busia ta ba duk baƙon da ba shi da takarda mako 2 ya bar ƙasar. Na ga mutanen da aka haifa a Zangon Kumasi, har iyayensu ma a nan aka binne su, suna sayar da gado da tukwane a kan kuɗin da bai kai na mota ba, saboda sunansu da rigarsu sun isa a ce masu baƙi. A 1983 Najeriya ta yi wa mutanen Ghana irin haka. Shi ya sa idan aka ce ɗan sanda ya riƙa tambayar takarda a titi, nakan tambayi kaina wa zai fara tsayarwa, mai kwat ko mai hula da carbi? Ɗana na Aboabo, 'yan sanda daban, hukumar shige da fice daban, ko da yake duka suna ƙarƙashin ma'aikatar cikin gida. Kada ka tura yaron shi kaɗai. Ku bi ta wurin Sarkin Zango ko shugaban 'yan ƙasarsu, a haɗa shi da dattijo ya raka shi.

Ɗan Aboabo:
Na gode, Baba. Na yi magana da limaminmu, ya ce gobe bayan azahar zai raka mu. Yaron ya riƙe lambobi 3 na ƙarshen lambar babur ɗin, amma har yanzu bai ce zai je ba.