Neman shawara: katin grafik ya daina aiki bayan na hau Windows 11

Sani, Bukoki (Yamai):
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina neman taimakon waɗanda suka san harkar kwamfuta. Sana'ata montajin bidiyon biki da na suna, kuma da kwamfutar hannu guda ɗaya nake cin abinci: Core i5-8300H, RAM giga 16, tana da katin grafik biyu, na Intel da NVIDIA GTX 1050. Ta hannu na saye ta, da Windows 10 a kanta. Da na ji an ce wa'adin Windows 10 ya ƙare, sai na karɓi mizajur ɗin da ke kai ta Windows 11. Ta tashi lafiya, kayana duk suna nan. Amma tun daga lokacin rubutu ya yi manya-manya, hoto ya baje, hasken ekran ba ya ƙaruwa ba ya raguwa, telebijin da nake jonawa ta HDMI ba ta nuna komai, bidiyo kuwa a manhajar montaji sai tsinkewa yake. Mai gyaran da na kai wa ya ce sai an yi formataj, jika biyar. Aikin mutane ne cike da ita, ba ni da diskin da zan juye su, ga dangin amarya suna ta kira. Don Allah akwai hanyar da ba sai an goge komai ba?

Laminu, Talaje:
Wa alaikumus salam. Gwada danna Windows da Ctrl da Shift da B a tare. Ekran zai ɗan ƙifta, za ka ji ƙara kaɗan. Sau da yawa shi ke nan.

Malam Isufu, mai gyaran kwamfuta, Wadata:
Wa alaikumus salam ƙanena. Kada ka bari a yi formataj tukuna. Abin da Laminu ya faɗa yana sake tayar da pilot (manhajar da ke sa Windows ya iya sarrafa katin grafik) ɗin da ya daskare ne, to amma alamun da ka lissafa sun fi nuna cewa pilot ɗin ba ya kan aiki gaba ɗaya. Kafin a ba ka magani sai mun ga abin da na'urar ke cewa da kanta.

Danna Windows da R, ka rubuta devmgmt.msc, ka buɗe «Cartes graphiques». Ka faɗa mana sunayen da ke wurin, da ko akwai alamar rawaya a jikin wani. In akwai, danna shi sau biyu ka karanto mana lambar da ke ƙarƙashin «État du périphérique». Sannan ka gaya mini, an yi kwana goma da hawan ko ba a yi ba? Akwai dalilin tambayar.

Sani:
Na gode Malam. Na farko an rubuta «Carte vidéo de base Microsoft», sunan Intel ba ya nan sam. Na biyu NVIDIA GeForce GTX 1050 ne, da alamar rawaya, Code 43. Kwana goma ba su cika ba tukuna.

Malam Isufu:
Madalla, yanzu magana ta fito. «Carte vidéo de base» pilot ne na wucin gadi da Windows ke ɗorawa in bai samu wanda ya dace da katin ba, don dai ka ga ekran. Ba ya sarrafa haske, ba ya taimaka wa bidiyo, shi ya sa komai ya baje. A irin kwamfutarka, katin Intel shi ke riƙe da ekran ɗin jikinta, NVIDIA kuma yana yin aiki mai nauyi ya miƙa masa hoton. To in na Intel ya faɗi, ba abin mamaki ba ne na NVIDIA ma ya ƙi tashi. A da yawa daga cikinsu kuma ramin HDMI a kan NVIDIA aka jona shi, shi ne dalilin da telebijin ta yi shiru.

Code 43 ma'anarsa Windows ya tsayar da katin saboda ya ba da rahoton matsala. Yana iya zama pilot, yana iya zama katin ne ya lalace. Amma katin da ke aiki lafiya ana gobe za a yi mizajur, da wuya a ce a daren ya mutu. Abin da na fi gani a teburina shi ne na'urorin hannu da aka zuba wa tsofaffin pilot daga kile ɗaya tun wajen mai sayarwa, sai sabon Windows ya zo ya tarar da su ba su dace ba.

Ga yadda nake yi, kuma jerin yana da muhimmanci.

Kafin ka cire komai, ka sauko da abu uku ka ajiye a kan «Bureau». Pilot ɗin Intel daga shafin kamfanin da ya ƙera kwamfutar, da lambar samfurin da ke rubuce a ƙasanta. In babu na Windows 11 a can, ka ɗauko daga shafin Intel. Pilot ɗin NVIDIA daga shafinsu, ka zaɓi GeForce 10 Series na Notebooks, ba na kwamfutar tebur ba. Sai ƙaramar manhaja mai suna DDU, mai share tsohon pilot ɗin katin grafik, kyauta ce, ta Wagnardsoft. Na NVIDIA ɗin ya haura mega 600, saboda haka ka shirya forfe mai isa ko ka je inda akwai Wi-Fi mai ƙarfi. Fayil ɗin da ya yanke a hanya ba ya ɗoruwa.

In sun kammala, ka kashe intanet ɗin kwamfutar kwata-kwata. Nan ne mutane da yawa ke faɗuwa: su goge tsohon pilot, na'ura ta tashi da koneksiyo, Windows Update ya riga su ɗora nasa, a koma gidan jiya.

Sai ka shiga «Mode sans échec», wato yanayin da Windows ke tashi da abubuwan dole kawai: riƙe Shift ka danna «Redémarrer», ka bi «Dépannage», «Options avancées», «Paramètres», ta sake tashi ka danna 4. A can ka buɗe DDU ka share na NVIDIA, ka share na Intel, ka bar ta ta tashi yadda ta saba. Ɗora na Intel da farko, ka sake tayar da ita. Bayan nan na NVIDIA, ka zaɓi «Personnalisée» ka sa alama a wurin sabuwar ɗorawa mai share tsofaffin saituna. Ka sake tayarwa, sannan ka kunna intanet. Duk wannan ba ya taɓa bidiyonka ko ɗaya. Ka dai tabbata batir cike yake kuma caja na jone, saboda yankewar wuta a tsakiyar aikin.

Ramatu, Tahoua:
Malam Isufu, Allah ya ƙara basira. Abu ɗaya zan ƙara kafin Malam Sani ya shiga mode sans échec. Ya duba ko diskinsa a kulle yake da BitLocker, a «Paramètres», «Confidentialité et sécurité», «Chiffrement de l'appareil». In a kunne yake, na'urar na iya tambayarsa mabuɗi mai lamba 48 kafin ta bar shi ya wuce. Mabuɗin yakan kasance a cikin asusun Microsoft da aka shiga da shi. Tunda ta hannu ya saya, ya tabbata asusun nasa ne, ya rubuta lambobin a takarda tun yanzu. Mutumin da ke da aikin jama'a a cikin na'ura bai kamata ya tsallake wannan ba.

Alhaji Mamman, Yantala:
Ni dai a ganina wannan hanyar ta yi tsawo ga mutumin da ake jira. Tunda kwana goma ba su cika ba, ya koma Windows 10 abinsa: «Paramètres», «Système», «Récupération», «Retour en arrière». Ya gama wa mutane aikinsu, in ya samu sarari ya sake gwadawa.

Malam Isufu:
Ranka ya daɗe Alhaji, dalilin da na tambayi kwanakin ke nan. Hanya ce mai kyau, kuma ita ce madogararmu in tawa ta ƙi. Sharaɗinta kada ya taɓa dosiyen Windows.old da ke cikin C, kada kuma ya yi sharar diski don neman wuri, domin da shi ake komawa, kuma bayan kwana goma Windows da kansa yake share shi. Abin da ya sa ban fara da ita ba, Windows 10 ya daina samun gyaran tsaro na kowa da kowa tun 14 ga Oktoba 2025, sai wanda ya shiga shirin ƙarin wa'adi. Na'urar Sani kuwa ta cika sharuɗɗan Windows 11, tunda Intel na ƙarni na 8 ne. Wanda ke karɓar kile da katin kamara daga hannun mutane kullum, gara ya zauna a kan tsarin da ake ci gaba da gyarawa. Aikin da na lissafa bai fi awa ɗaya ba in fayilolin sun riga sun sauka.

Laminu:
Kada mu manta da zafi fa. Garin nan a watan Afrilu da Mayu ana wuce digiri 40, ga ƙurar hunturu da ke toshe fanka. Na ga katin da ya mutu saboda haka. Ya shiga BIOS, shafin saitin na'ura da ke zuwa kafin Windows, ya duba, in akwai layi-layi ko ɗigo-ɗigo a ekran tun kafin Windows ya tashi, to katin ne ya tafi, ba pilot ba.

Ramatu:
Gwajin nan daidai ne a kwamfutar tebur, Malam Laminu, inda wayar ekran ke jone a jikin katin. A irin ta Malam Sani, katin Intel ne ke nuna BIOS, don haka ko na NVIDIA ya ƙone ƙurmus BIOS zai fito tas. Abin da zai raba gardama shi ne a yi ɗorawar da Malam ya bayyana. In Code 43 ya dawo bayan haka, a gwada pilot ɗin da ya girme shi. In ya sake dawowa, sai a fara zargin katin. Maganar ƙura kuwa gaskiya ce, ya kamata a buɗe a hure fanka a canja man da ke kan firosesa ko da komai na tafiya daidai.

Sani:
Alhamdu lillahi. BitLocker ba a kunne yake ba. Na bi jerin yadda Malam ya faɗa. Da na Intel ya hau, rubutu ya koma daidai, haske ya fara amsawa. Da na NVIDIA ya hau, alamar rawaya ta ɓace, telebijin ta kama. Allah ya saka muku da alheri, ya ji ƙan mahaifa. Saura abu biyu: har yanzu montajin bai kai saurin da na saba ba, kuma ina tsoron kada wani mizajur ya sake canja mini pilot.

Malam Isufu:
Amin ƙanena. Na farko mai sauƙi ne. Shiga «Paramètres», «Système», «Écran», «Graphiques», ka nemo manhajar montajinka ka sa ta a kan «Performances élevées», don ta riƙa amfani da NVIDIA. Ka buɗe «Gestionnaire des tâches» lokacin da kake fitar da bidiyo, ka duba ko GPU, wato katin grafik, na NVIDIA yana motsi. Kuma ka yi aikin da caja a jone, a kan batir katin yana rage ƙarfi. Tunda sana'arka montaji ce ba wasan gem ba, nau'in pilot ɗin da ake kira Studio ya fi dacewa da kai in ka same shi a jerin katinka, an fi gwada shi da manhajojin bidiyo da hoto.

Na biyun, ban yarda da masu cewa a kashe Windows Update baki ɗaya ba, don gyaran tsaro ta nan yake zuwa. Pilot kawai za ka hana. In Windows ɗinka Pro ne, rubuta gpedit.msc, ka bi «Modèles d'administration», «Composants Windows», «Windows Update», ka nemo dokar da ke cewa kada a haɗa pilot da mizajur, ka kunna ta. In Famille ne babu gpedit, sai ka nemi «Paramètres d'installation de périphérique» ka zaɓi «Non», ko da yake wannan ba ya tare komai da komai. In wata rana an canja maka duk da haka, shiga katin a devmgmt.msc, shafin «Pilote», ka danna «Restaurer le pilote». Ranar da kake da aikin gaggawa kuma ka dakatar da mizajur, ana iya yi har mako biyar.

Ka kuma san cewa katunan GTX 10 sun tsaya a jerin pilot mai lamba 580. Daga Oktoba 2025 gyaran tsaro kawai suke samu, har zuwa Oktoba 2028. Saboda haka ba ka da buƙatar bin kowane sabon pilot. Fayiloli ukun nan ka kwafe su a kile ka rubuta lambarsu a jiki.

Hadiza, Harobanda:
Salamu alaikum. Malam, a yi mini afuwa in raɓa da tawa tambayar. Kwamfutar tebur ce a wurin aikinmu, bayan mizajur ekran yakan yi baƙi na ɗan lokaci ya dawo, jiya kuma ta nuna shuɗin ekran da rubutu VIDEO_TDR_FAILURE. Ba mu san ma irin katin da ke ciki ba.

Malam Isufu:
Wa alaikis salam Malama Hadiza. Taku ta bambanta da ta Sani, pilot ɗin yana nan amma yana daskarewa. In katin ya yi daƙiƙa biyu bai amsa ba, Windows yakan sake tayar da pilot, shi ne baƙin da kike gani. In tayarwar ta ƙi, sai shuɗin ekran. Sau da yawa akan rubuta sunan fayil a ƙasan saƙon: nvlddmkm.sys na NVIDIA ne, atikmpag.sys na AMD, igdkmd64.sys na Intel. In ba ki gan shi ba, shiga katin a devmgmt.msc, shafin «Détails», ki zaɓi «Numéros d'identification du matériel». VEN_10DE NVIDIA ne, VEN_1002 AMD, VEN_8086 Intel. Ki fara da «Restaurer le pilote» in bai dushe ba. A taku kam maganar Laminu tana da ƙarfi, don zafi da ƙarancin wuta daga akwatin alimantasiyo suna kawo wannan alamar, saboda haka a buɗe murfin a duba ko fankar katin tana juyawa. Ki turo mana layin da ya fara da PCI\VEN gaba ɗayansa, da lambar DEV da ke biye, in gaya miki pilot ɗin da za ku sauko.