Metallica Sun Ci Amanar Masoyansu a 1991?

Ɗan Fagge: Jama'a, akwai abin da ya daɗe yana cin raina, yau kam sai na amayar da shi. Ɗan yayata ya ga hoton Metallica, ƙungiyar makaɗan nan ta Amurka, a ɗakina, sai ya ce, "Kawu, ashe kai ma kana jin masu waƙar soyayyar nan." Nothing Else Matters yake nufi, ita kaɗai ya sani. To ga abin da baƙin kundin nan na 1991, wato kundin waƙoƙinsu mai baƙin bango, ya jawo mana. Mutanen da suka yi Kill 'Em All a 1983, da Ride the Lightning a 1984, da Master of Puppets a 1986, ba rediyo ba talabijin, masoya ne suka goya su, suna kwafar kaset suna aika wa juna ta gidan waya daga ƙasa zuwa ƙasa. Da suka ji ƙamshin kuɗi sai suka ɗauko Bob Rock, furodusan da ya yi wa ƙungiyar Mötley Crüe ta Los Angeles aiki, ya rage musu gudu, ya gutsure tsawon waƙoƙin, ya sa mawaƙinsu James Hetfield ya bar kururuwa ya koma rerawa. Ni a wurina cin amana ne tsagwaronsa. Wanda bai yarda ba ya fito fili.

Malam Ƙarfe: Amana? Wa ya ba su ajiya? Amana ita ce ka damƙa wa mutum abu ya riƙe maka. Kai kaset ka saya, ka ji, ka more. Ciniki ya ƙare a nan. Ka ce kundin bai yi maka daɗi ba, sai mu tattauna. Amma kalmar amana ta fi ƙarfin zancen kiɗa.

Ɗan Fagge: Malam, ba a takarda kaɗai ake ƙulla amana ba. Su da bakinsu suka riƙa zagin mawaƙan Los Angeles masu kwalliya da fesa wa gashi mai, har suka bar garin suka koma San Francisco. Wanda ya ce maka shi ba irin waɗancan ba ne, ka bi shi a kan haka, ya ɗaukar maka alkawari.

Malam Ƙarfe: Ka ga yanzu ka koma alkawari. Ɗazu amana ka ce. Kuma saboda Cliff Burton suka koma San Francisco, shi ya gindaya sharaɗin kafin ya shigo ya riƙe musu jitar bes.

Baƙon Maraɗi: Alkawari da amana ai duk kanwar ja ce. Ina bayan Ɗan Fagge.

Malam Ƙarfe: Ba ɗaya ba ne, ɗan'uwa. Ana saɓa alkawari, ana cin amana. Ko a fi'ilin ma sun sha bamban.

Anti Mai Kunne: Ku bar ni in tambayi Ɗan Fagge abu ɗaya. Idan sanyin murya da jita marar lantarki ne cin amana, yaushe aka fara cin ta? Fade to Black tana cikin Ride the Lightning, 1984, kundin da ka lissafo da kanka. A lokacin ma akwai waɗanda suka ce Metallica sun sayar da kansu saboda ita. Battery, wadda ta buɗe Master of Puppets, da jita mai sanyi take farawa kafin ta fashe. Da suka yi bidiyon One a 1989, bidiyonsu na farko, aka sake cewa sun miƙa wuya ga tashar talabijin ta MTV. Kenan tun kafin Bob Rock ya taka ƙafarsa ake wannan kukan.

Ɗan Fagge: Anti, da girmanki, ba ɗaya ba ne. Ki sake sauraron Fade to Black. Tana farawa a sanyaye, amma kafin ta ƙare ta kama da wuta. Sanyin shimfiɗa ne kawai. Ki ɗauki ita kanta waƙar Master of Puppets, sama da minti takwas, ki lura da hannun daman Hetfield. Duk bugun ƙasa yake yi da tsinken jita, ba ya sama da ƙasa irin na masu neman sauƙi, kuma a wannan gudun. Duk wanda ya taɓa riƙe jita ya san kafin minti biyu damtse ya fara zogi. Wannan wahalar ita ce thrash, salon kiɗan nan mai gudu da zafi da aka san su da shi. A Enter Sandman kuwa salo ɗaya ake ta juyawa tun daga farko har ƙarshe.

Anti Mai Kunne: Salo ɗayan nan da ka raina, je ka ƙirƙiro irinsa. Kuma Sad but True fa? Sun sassauta igiyoyin jita ƙasa, sautin ya yi nauyi har a ƙirji kake jin sa. Rashin gudu ba shi ne laushi ba.

Na Mustaine: Ku duka kun bar jaki kuna dukan taiki. In amana ake nema, a 1983 aka ci ta, lokacin da suka tashi makaɗin jitarsu Dave Mustaine daga barci a New York, suka saka shi a bas ya koma California, sannan suka ci gaba da amfani da kiɗan da ya ƙirƙira. Ku duba sunansa a jikin kundinsu biyu na farko. The Four Horsemen tasa ce asali. Da bai tafi ya kafa ƙungiyar Megadeth ba, da babu kundin Rust in Peace, kuma Metallica ba su taɓa yin kundin da ya kama ƙafarsa ba.

Malam Ƙarfe: Shaye-shaye da faɗa ne suka sa aka kore shi, shi ma bai musa ba. Kuma sun rubuta sunansa, to ina cin amanar? Sannan tunda ka kawo Megadeth, ka gaya mana me ake kira Risk na 1999. Thrash ne?

Na Mustaine: Kundi ɗaya ne, Malam. Ɗaya! Metallica kuwa Load a 1996, Reload a 1997, ga askin gashi, ga kwalli a ido.

Baƙon Maraɗi: Askin nan shi ya fi ƙona min rai wallahi. Har tambarin sunansu suka canza.

Anti Mai Kunne: Da gashi ake kaɗa jita? Kerry King na ƙungiyar Slayer kansa tal yake, babu wanda ya ce ya yi laushi.

Sarkin Gudu: Kada a sako Slayer cikin wannan shirme, Anti. Reign in Blood, 1986, bai cika minti talatin ba, kuma babu daƙiƙa ɗaya ta lallashi a ciki. Su ne ba su taɓa russuna wa kowa ba.

Malam Ƙarfe: South of Heaven na 1988 fa? Da gangan suka rage gudu.

Sarkin Gudu: Sun rage gudu, ba su yi waƙar soyayya da goge ba.

Autan Zaure: Yayyena, ni dai ta fim ɗin Stranger Things na fara jin Master of Puppets a 2022, daga nan na bi sauran. Kuma gaskiya baƙin kundin ya fi shiga kunnena. A kundin ...And Justice for All na 1988 ko bes ɗin Jason Newsted ba na ji, sautin a bushe yake. A na 1991 kuwa komai ya fito, gangar ma kamar a ɗakin ake bugawa.

Baƙon Maraɗi: Auta, ka yi shiru manya na magana. Wanda fim ya kawo shi ba shi da ta cewa a nan.

Anti Mai Kunne: Haba ɗan'uwa, kai a San Francisco aka yanke maka cibiya? Kowa a nan wani ne ya miƙa masa. Yaron ya faɗi gaskiya kan bes ɗin, kowa ya san an danne shi a kundin 1988. In ana maganar wanda aka zalunta, Newsted ne, da ya shigo bayan Burton ya rasu a haɗarin bas a Suwidin a watan Satumba na 1986, aka riƙa huce baƙin ciki a kansa.

Baƙon Maraɗi: Da Cliff yana raye da ba a yi baƙin kundin ba.

Malam Ƙarfe: Wa ya gaya maka? Burton ɗin da ya fi su duka son kiɗan Bach, tsohon makaɗin nan na Jamus, da haɗa sauti masu daɗi? Saurari Orion. Shi ya koya musu abin da kuke kira laushi.

Ɗan Fagge: Kun bar maganata gaba ɗaya. To ga hujjar da ba ta da amsa. Napster, manhajar musayar waƙoƙi kyauta a intanet, shekarar 2000. Mutanen da kwafar kaset ta ɗaukaka su ne suka je kotu, makaɗin gangarsu Lars Ulrich ya kwashi sunayen mutum sama da 300,000 ya kai wa Napster a hana su shiga. In wannan ba cin amana ba ne, mene ne sunansa?

Malam Ƙarfe: Sunansa kare haƙƙi. Je ka tambayi mawaƙanmu yadda suke ji da masu tura waƙa a waya a bakin kasuwa, ana karɓar kuɗi ko sisi ba ya zuwa hannunsu. Kuma Napster daban, sautin 1991 daban. Ka daina tsalle.

Na Mustaine: Lars ko ganga bai iya ba, balle a yi maganar haƙƙi.

Anti Mai Kunne: Wanda ya buga One da Dyers Eve ne bai iya ganga ba? Ka ji tsoron Allah.

Na Mustaine: A situdiyo ne. Ki kalle shi a dandali.

Sarkin Gudu: Dave Lombardo na Slayer ya fi shi nesa ba kusa ba, a nan kam ina tare da kai.

Shugaban Zaure: To ya isa haka, zan rufe. Ga abin da na fahimta. Mafi yawan waɗanda suka yi magana da ilimi sun nuna cewa kalmar amana ba ta dace ba, kuma Malam Ƙarfe ya warware ta tun daga farko. Baƙin kundin ya shiga a mataki na ɗaya a jadawalin cinikin kundi na Billboard, an sayar da sama da kwafi miliyan 16 a Amurka kaɗai, kuma ta dalilinsa ne da yawa daga cikinmu muka san akwai wani abu wai shi thrash. Su kansu sun ce waƙoƙin 1988 sun yi tsawo, suna son su gwada wata hanya. Masu kukan askin gashi ba su kawo hujja ba. Zancen Mustaine kuwa ba a nan ya kamata a yi shi ba.

Ɗan Fagge: Shugaba, wane mafi yawa? Ni da Baƙon Maraɗi da Na Mustaine da Sarkin Gudu, mu huɗu ne, su uku. Kuma kowa ya san hoton macijin baƙin kundin ne a fuskar wayarka. Yawan ciniki kuma shi ne ainihin abin da nake ƙara a kai, kai kuma ka mayar da shi hujja.

Sarkin Gudu: Kada ka ƙirga da ni, Ɗan Fagge. Ni tun Master of Puppets ɗin ma ban ɗauke su a bakin komai ba.