Oga ya fara kai aikinmu Indiya, ga kuma aikin gwamnati ya samu. Wanne zan ɗauka?

Ɗan Kubwa: Assalamu alaikum jama'a. Ina aiki da wani kamfani a Wuse 2, muna gina shafukan intanet na makarantu da asibitoci masu zaman kansu, ni ɓangaren Laravel da React nake, wato kayan aikin rubuta shafukan intanet. Albashina dubu 380. Tun bayan babbar sallah oga ya fara miƙa sababbin ayyuka ga wasu 'yan Indiya, mu aka bar mu da gyare-gyare da amsa ƙorafin kwastoma. Cikin mu shida an sallami biyu. Yanzu kawuna ya samo mini gurbi a wata hukumar gwamnati, sashen kwamfuta, mataki na 8. Kuɗin bai kai rabin na yanzu ba, amma akwai fansho. Ranar Litinin ake so in kai takardu. Ina da mata da yaro ɗaya, haya kuma na cika a watan gobe. Wanda ya taɓa shiga irin wannan don Allah ya faɗa mini gaskiya.

Abba Tech: Wa alaikumus salam. Ka yi rajistar 3MTT kawai, shirin gwamnati na koyar da fasaha, kyauta ne, ka koyi sana'ar zamani.

Maman Hanifa: Abba, mutum ya ce maka React yake rubutawa a biya shi, kai kana tura shi ajin 'yan koyo. Shirin da minista Bosun Tijani ya ƙaddamar a 2023 ai na masu farawa ne.

Baban Khalifa: Ƙanina, ka saurare ni da kyau. Daga Jos na zo Abuja saboda wannan aikin, na kwashe iyalina daga Bukuru muka kama haya a Lugbe. Kamfanin da na yi wa aiki ni na gina musu komai, tun daga shafin farko har hanyar karɓar kuɗi. Wata rana oga ya kira ni ya ce za a ƙaro hannu daga waje don a rage mini nauyi, in rubuta musu bayanin yadda komai yake tafiya. Na zauna na rubuta, na riƙa shiga taron bidiyo da asuba saboda lokacinsu ya riga namu da awa huɗu da rabi. Ranar da suka iya tafiyar da abin ba tare da ni ba, ranar aka rufe mini imel. Ba takarda, ba kuɗin sallama, sai albashin watan da shi ma a kashi biyu aka ba ni. Abin da ya fi ƙona mini rai, da shafin ya faɗi lokacin rajistar ɗalibai, ni aka kira da tsakar dare, wai don Allah a taimaka. Yarana biyu sai da suka zauna zango guda a gida. Yanzu na koma Jos, ina koyar da yara kwamfuta ina haɗawa da sarin dankali. Duk ranar da aka ce ka rubuta bayanin aikinka dalla-dalla, ka san takardar sallamarka kake rubutawa.

Ɗan Kubwa: Innalillahi. Yaya, wallahi makon jiya aka ce mu fara rubuta irin wannan.

Maman Hanifa: Allah ya musanya maka da mafi alheri, Baban Khalifa. Ka kai su kotun ma'aikata?

Baban Khalifa: Da wace takardar? Ko takardar ɗaukar aiki ba su taɓa ba ni ba, da baki muka yi magana.

Injiniya S.: Ku gafarce ni, amma lissafin cewa arha ake bi zuwa Indiya ba ya zama. Tunda aka saki naira a watan Yunin 2023, dala ta tashi daga ɗari huɗu da wani abu ta haura 1,500, mu ne masu arha, ba 'yan Indiya ba. Dubu 380 ko dala 300 ba ta kai ba. Oganku ba arha ya bi ba. Can ƙungiya yake saye: mai zane, mai rubutawa, mai gwaji, da wanda zai kama idan ranar miƙa aiki ta wuce. Nan kuwa mutum ɗaya ake ɗora wa komai. Ni daga ɗakina a Gwarinpa nake yi wa wani kamfani na Jamus aiki, wato wani Bajamushe yana can yana kuka da ni kamar yadda kuke kuka da na Bangalore a Indiya. Ƙofar da aikin ya bi ya fita, ta nan yake shigowa.

Baban Khalifa: Kai da ka samu ka ce haka. Mutum nawa ne cikin ɗari? Andela, mai samo wa kamfanonin waje ma'aikata, a 2019 ta sallami ƙananan masu rubuta manhaja kusan 400 lokaci guda, ta ce ƙwararru kasuwa ke nema. Microsoft ma ta rufe cibiyarta ta injiniyoyi a Legas a 2024. Su ma ba dala ake biyansu ba?

Injiniya S.: To ai ka faɗi amsar da bakinka, ƙanana aka sallama.

Mai Shayin Banex: Ni dai ban taɓa jin an kai aikin soya indomi Indiya ba. Akwai gurbin mai fasa ƙwai a teburina, ba a tambayar React.

Hajiyar Garki: Nawa ma ake gina shafin yanzu? Na makarantarmu dubu 150 wani yaro ya yi mana, har da sunan shafin.

Injiniya S.: Hajiya, shiryayyen shafin WordPress ne aka canza wa launi. Ni ba na taɓa aikin ƙasa da miliyan biyu.

Abba Tech: A Fiverr, dandalin neman aiki ta intanet, dala 50 ake yi. Da ChatGPT ma kyauta.

Maman Hanifa: Ni miliyan ɗaya da dubu ɗari biyu na karɓa a na wani asibiti, kuma sai da na yi ta sintiri kafin a cika mini. A dandalin Upwork kuwa sai ka sayi damar neman aikin tukuna, ka tura, ka tarar mutum hamsin sun riga ka.

Alhaji Mai Ritaya: Yaro, karɓi aikin gwamnati. Na yi shekara 35 ina aiki, ba wanda ya taɓa rufe mini ƙofa. Kuɗin kamfani ruwan sama ne, na gwamnati rijiya.

Injiniya S.: Da girmamawa Alhaji, zamaninku daban. Wanda bai taɓa rubuta layi ɗaya na manhaja ba bai san abin da zaman ofis zai yi wa hannun yaron nan ba. Shekara uku yana gyara firinta da saka wa darakta WhatsApp a kwamfuta, ya fito ba wanda zai ɗauke shi.

Alhaji Mai Ritaya: Ni ban san manhaja ba, amma na san haya da kuɗin makaranta. Kai kana da iyali?

Baban Khalifa: Shawarar wanda aka kora ita ce shawara. Saura duk hasashe kuke.

Maman Hanifa: Ni abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya ma ba kamfanoni masu zaman kansu ba ne. Akwai dokar shugaban ƙasa mai lamba 5 da Buhari ya sa wa hannu a 2018, wadda ta ce a fifita ƙwararrun gida a kwangilolin fasaha. Amma je ka gani. Mai kamfanin jaka zai ci kwangilar shafi, bai san komai a kai ba, ya tura wa wani a waje da ɗan abin da ya rage. Na taɓa shiga neman wata kwangila, takardun haraji da na fansho duk na haɗa, ƙarshe wanda ya ci shi ya zo yana tambayata nawa zan karɓa in yi masa a ɓoye.

Hajiyar Garki: Kin karɓa?

Maman Hanifa: Na karɓa mana, kuɗin wuta na jirana. Tunda aka sa unguwarmu a rukunin A na masu biyan wuta da tsada a watan Afrilun 2024 mitarmu ba ta ƙoshi, kuma awa 20 ɗin da aka yi alkawari ba kullum muke gani ba.

Injiniya S.: Ki sa sola ki huta. Ni da sola da intanet ɗin Starlink nake aiki.

Abba Tech: Nawa ka haɗa taka? An ce mini miliyan ɗaya ta isa.

Baban Khalifa: Miliyan ɗaya ko batirin kirki ba za ta saya maka ba. Mu nan Jos jiya tun la'asar aka ɗauke, a shagon caji nake rubuta wannan.