Ciwon dajin fankiriyas: me ya sa na ƙauye ba sa kaiwa ga tiyata?

Ɗan Gwaram:
Assalamu alaikum. Kawuna manomi ne a can wajen Gwaram, ya haura shekara 60. Tun tsakiyar damina idanunsa suka yi ɗorawa, fitsarinsa ya koma kamar baƙin shayi, ga ƙaiƙayin jiki da ke hana shi barci. Kowa ya ce shawara ce, aka yi ta jiƙa masa saiwoyi. Mai kemis kuma ya ce olsa ce, saboda ciwon da ke tokare masa ciki yana ratsawa ta baya. Sai da aka sayar da riɗi muka samu kuɗin kawo shi Kano. Hoton CT, wato na'urar da ke ɗaukar hoton cikin jiki dalla-dalla, ya nuna ciwon daji a fankiriyas, har ya kai hanta, likita ya ce tiyata ba za ta yi amfani ba. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne mahaifin wani abokin aikina a nan birni irin cutar ya yi, aka yi masa aiki, yana nan da ransa. Cutar ce ta fi zafi a ƙauye, ko mu ne muka makara?

Likita daga Zariya:
Wa alaikumus salam. Allah ya ba Kawu sauƙi. Cutar iri ɗaya ce, lokacin gano ta ne ya bambanta. Fankiriyas, gaɓar da ke taimakawa wajen narkar da abinci da daidaita sukarin jini, yana kwance can bayan tumbi, shi ya sa ciwon ke girma ba a sani ba. Ko a ƙasashen da suka ci gaba, kusan mutum ɗaya cikin biyar ne kawai ake samu a matakin da za a iya cire shi. A Amurka, waɗanda ke kai shekara biyar bayan gano cutar kusan kashi 13 cikin ɗari ne. Idan ba ta bazu ba ya haura kashi 40, idan ta yi nisa kuwa kashi 3 ne kacal.

Abin takaicin, shawarar nan ita ce alamar da ke fitowa da wuri idan ciwon yana a ɓangaren da ake kira kan fankiriyas, domin yana toshe hanyar da ruwan matsarmama ke bi. Ɗan birni zai je a yi masa sikanin cikin mako guda, a ga hanyar ta kumbura, a tura shi CT. Na ƙauye kuwa asibitin da ke kusa da shi ba CT, wani lokacin ma ba mai sikanin. Ita kuma tiyatar, wadda ake kira Whipple, aiki ne na awanni da yawa, sai manyan asibitocin koyarwa masu ɗakin kulawa ta musamman. Idan dattijo ya yi ciwon shawara, kashinsa ya yi fari, yana ramewa, ko ciwon sukari ya same shi kwatsam, wannan ba na jiƙo ba ne.

Maman Khalifa:
Likita, gaskiya ka faɗa, amma ka bar maganar kuɗi a baya. Da muka yi jinyar yayata, kuɗin mota, abinci da wurin kwanan mai jinya sun kusa kai na magani. Allurar kemo, wato maganin daji, zagaye-zagaye ake yi, manomi ya baro gona ya zo, ya koma, ya sake zuwa. Da yawa a tsakiya suke yankewa. Kuma Ɗan Gwaram, kada ka ɗora wa kanka laifi, ba wanda ya taɓa gaya mana shawara tana iya zama daji.

Ɗan Gwaram:
Na gode, Hajiya. To Likita, yanzu mu mayar da shi gida ke nan?

Likita daga Zariya:
A'a, kada ku tafi hannu rabbana. Ku tambaya ko za a iya sa masa ɗan bututu ya buɗe hanyar matsarmamar, ko a yi aiki a kewaye toshewar. Ƙaiƙayin zai lafa, ya samu barci da cin abinci. Ku nemi a haɗa ku da sashen rage raɗaɗi, a rubuta masa mofin na sha, maganin kashe zafin ciwo mai ƙarfi, kafin ku bar Kano, don ba lallai ku same shi a ƙauye ba. Batun kemo kuwa ya danganta da ƙarfin jikinsa, ku zauna da likitansa tare da shi Kawun, a ji ra'ayinsa.