Sirdin keke na ciwo a kwalta da burji: sirdin ne ko gyaransa?

Ɗan Tibiri:
Assalamu alaikum ƴan'uwa. Hanyar da nake bi da keke rabi kwalta ce, rabi burji mai gargada, ga yashi nan da can wajen gulbi. Bayan kamar rabin awa mazaunaina sai su fara zafi, wani lokacin gabana ya sage, cinyoyi kuma suna gogewa. Na ɗaura soso mai kauri bisa sirdin, abin bai canza ba. In sayi mai sifirin ne, ko me za a gyara?

Usta Mai Keke:
Wa alaikumus salam ƙanena. Cire soson nan tukuna. Nauyin mutum ya kamata ya sauka kan ƙasusuwa biyu na mazaunai. In sirdi ya yi taushi da yawa, ƙasusuwan sai su nutse, soson ya taso tsakiya ya danne jijiyoyin gaba, daga nan sagewar take zuwa.

Auna tazarar ƙasusuwan mazaunanka. Ka shimfiɗa kwali bisa benci mai tauri, ka zauna ka ɗan sunkuya kamar kana riƙe da kan keke, ka tashi. Za ka ga ramuka biyu. Auna daga tsakiyar ɗaya zuwa tsakiyar ɗayan, yawancin manya tsakanin santimita 10 zuwa 14 ne. Ƙara kamar santimita 2, faɗin sirdin da za ka nema ke nan. Wanda ya yi ƙunci yana barin ƙashi a rataye a baki, wanda ya yi faɗi kuma shi ke goge cinya. Mai sifirin ya dace da keken da ake zama a miƙe, irin Phoenix. In kana sunkuyawa, mai tsaga a tsakiya ya fi.

Malam na Jiratawa:
Usta ya faɗi gaskiya, amma kafin a kashe kuɗi a duba saitin, don sirdi mai kyau ma in an ɗaura shi ba daidai ba sai ya cutar.

Tsawo: ka jingina da bango, ka ɗora dunduniya bisa feda tana can ƙasa. Ƙafa ta miƙe sosai ba tare da kwatangwalo ya karkata ba. In ka mayar da tafin ƙafa, gwiwa za ta ɗan lanƙwashe, daidai ke nan. In sirdin ya yi sama, kana lilo hagu da dama, fata ta goge, bayan gwiwa ya yi ciwo. In ya yi ƙasa, gaban gwiwa ne zai yi kuka. Saboda gargada ka iya rage milimita 3 zuwa 5. Kada dai ka ja sandar sirdi ta wuce layin da aka zana a jikinta, tana iya fasa ƙarfen keken.

Kwanciya: ka ari ma'aunin ruwa wurin magini, sirdin ya kwanta daidai. Hancin sirdi in ya yi sama yana danne gaba, hanci ƙasa sosai yana zamar da kai, nauyi ya koma hannu. Ka canza abu ɗaya kawai a lokaci guda, ka hau kwana biyu ka gani. Ka ɗaure notin da kyau, burji yana kwance shi, hancin ya tashi ba ka sani ba.

Hajiya Mai Tela:
Ɗana, duba wandonka. Ɗinki mai kauri a tsakiya, irin na jins, da gumin watan Afrilu, sun isa su saɓule fata. Ka sa mai laushi, ka shafa basilin kaɗan inda yake gogewa, ka wanke da ka sauka.

Usta Mai Keke:
Haka ne Hajiya. Sai iska: taya da aka cika ta yi tauri tana miƙa kowane dutse kai tsaye zuwa sirdi. Ka ɗan rage, ba har dutse ya riƙa taɓa rim ba, kuma in ka hango rami ka tashi bisa feda. In sagewar ba ta wuce ba bayan ka sauka, ka ajiye keken ka ga likita.