Wai Bagaruwa Ta Fi Kafso?

Baban Yara: Jama'a, ku bar ni in huce. Sati uku ƙafar yarona na ruwa, kafso kala biyu muka saya a kemis, a banza. Wata tsohuwar bokanya a ƙauyen Birom, can hanyar Vom, ta ba mu garin bagaruwa ta ce a dafa a riƙa wankewa. Kwana biyar gyambon ya kame. Itatuwanmu sun fi maganin Bature kashe ƙwayoyin cuta, mai musu ya fito.

Hajiyar Gangare: Malam, gyara bakinka. Mai ba da sassaƙe ba bokanya ba ce. Boka da iskoki yake aiki.

Ɗan Bukur: Dama haka kuke. In naku ne, mai maganin gargajiya. In kakarmu ce, bokanya.

Baban Yara: Ni fa yabonta na yi!

Malamin Firamare: Ai a da likita ma bokan Turai ake ce masa. Kalmar ba zagi ba ce.

Hajiyar Gangare: To je asibitin JUTH na Jos ka kira likita boka mu gani.

Ɗan Famasi: Ku tsaya. Bagaruwa na da sinadarin tanin, shi ya sa majema ke jeme fata da ita, yana tsuke nama. A ɗakin gwaji ruwanta kan hana wasu bakteriya yaɗuwa a faranti, amma faranti ba jikin mutum ba ne. Wankin ciwo kullum ma magani ne. Baba, yaron ya shanye kafson kuwa, ko da ya ji sauƙi aka ajiye?

Ɗan Bukur: Har yanzu ba a ba mu haƙuri ba.

Mai Shayi: 'Yan boko kenan. Tazargade fa? Daga irinta Tu Youyou ta China ta fitar da maganin maleriya, har Nobel ta ci a 2015.

Ɗan Famasi: Bayan shekaru ana gwaji, yallaɓai. Ba a tukunyar shayi ba.

Mai Shayi: Me tukunyata ta yi maka? Biya ni bashin kofi uku tukuna.

Admin: Ya isa. Abin da na fahimta, har ɗan famasi ya yarda bagaruwa na kashe cuta. Wanda kalma ta ɓata wa rai ya yi haƙuri. Mai son garinta mai kyau, shagona na nan kasuwar Terminus.